Jagorar ɗaukar hotunan rayuwar jama'a a Sawakin: izini, haske da gishirin teku

Wanda ya sauka Sawakin, garin bakin teku a gabashin Sudan, da kyamara, ƙafarsa tsibirin tsohon gari take fara kai shi. Can ne kangayen gidajen dutsen murjani suke, da masallatan Hanafi da Shafi'i waɗanda Turkawa suka gyara, da tsohon ginin kwastan. Sai ya cika kati da hotunan bango da maguna, ya hau mota ya koma Bur Sudan kafin la'asar. Irin waɗannan hotuna sun cika intanet, kuma kusan duk kamarsu ɗaya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hoton garin da mutane ke kwana a cikinsa, wato Al-Gef da ke ɓangaren tudu: masunta da masu gyaran taru, mai keken jaki da ke kai ruwa gida-gida, masu shayi da jabana (gahawar gargajiya), 'yan dako, matafiyan da ke jiran jirgin Jidda.

Wannan jagora ta wanda yake son ya haɗa irin wannan tarin ne, hoto kamar 30 a cikin lokacin sanyi guda, waɗanda mutanen da ke cikinsu za su gani su ce lalle mu ne. Waya mai kyau ta isa. Kyamara ta fi, amma ba ita ce farkon magana ba.

Ka san inda ka tsaya

Sawakin tana kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan, a gaɓar Bahar Maliya. Ita ce babbar tashar jiragen ruwa ta wannan yanki har zuwa lokacin da Turawan Ingila suka fara gina Bur Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909, kasuwanci ya tashi ya koma can. Gidajen tsibirin da aka gina da murjani suna son gyara da shafen farar ƙasa a kai a kai, da masu su suka watse sai suka shiga rushewa. Hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu tun zamanin Gordon, Baturen da ya yi gwamnan Sudan, take, 1877. Tashar da ke aiki yau, mai sunan Usman Digna, jagoran mayaƙan Mahdi a gabashin Sudan, ita ke ɗaukar fasinja da tumaki zuwa Jidda.

Ga Bahaushen Sudan wannan gari ba baƙon wuri ba ne. Ta nan alhazan ƙafa daga ƙasar Hausa da Barno suke tsallakawa zuwa Hijaz, bayan sun yi shekaru suna noma da ƙwadago a hanya don tara kuɗin jirgi, wasu kuma nan gabashin Sudan suka yada zango har abada. Gidajen Hausawa da yawa a Bur Sudan da Kassala da Gadarif suna da labarin kakan da ya bi ta Sawakin. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne zai buɗe maka hira da dattawa, kuma shi zai ba tarin hotunanka zaren da zai ɗinke shi. Sai dai ka tuna cewa ƙasar Bija ce, su Hadandawa da 'yan uwansu, suna da harshensu da al'adarsu ta kunya da mutunci. Larabcin Sudan ne zai haɗa ku.

Mataki na farko: izini, kuma iri biyu ne

Na hukuma shi ne na farko, kuma ba a wasa da shi. Tun kafin yaƙi Sudan ta hana ɗaukar hoton wuraren soja, gadoji da tashoshin jiragen ruwa da na sama. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, gwamnati ta koma Bur Sudan na wani lokaci, tsaro ya ƙara tsananta a gaɓar teku, balle bayan hare-haren jirage marasa matuƙa a kan Bur Sudan a watan Mayun 2025. Don haka ƙaramin jirgin ɗaukar hoto daga sama, bar shi a gida. Je ofishin mahaliya, wato ƙaramar hukuma, da katin shaidarka, ka faɗi abin da za ka yi da unguwannin da za ka shiga, ka nemi a rubuta maka. Ka yi kwafi biyu na takardar, ɗaya a aljihu, ɗaya a jaka. Tsibirin kuma yana hannun hukumar kula da kayan tarihi, ka tambayi masu gadinsa inda aka yarda a taka.

Matsalar da ta fi kama mutane ita ce bayan hoto. Kana ɗaukar masunci, ba ka lura ba ashe jirgin tashar Usman Digna ko motar jami'an tsaro ta shigo ta bayansa. Kafin ka danna, zagaya da idonka kusurwoyi huɗu na hoton. In an tsayar da kai, kada ka yi gardama, kada ka ɓoye kati. Nuna takarda, nuna hotunan, wanda aka ce a goge ka goge.

Izini na biyu na jama'a ne, shi kuma ba a rubuta shi. Kwana biyun farko kada kyamara ta fito daga jaka. Nemi shehun unguwa ko limami, in akwai dattijon Hausawa a wurin fara da shi, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce: "Baba, na zo ne da wata buƙata. Ina son in ɗauki hotunan sana'o'in garin nan don 'ya'ya da jikoki su gani. Duk wanda na ɗauka zan kawo masa nasa a takarda, wanda bai so ba kuma ba zan ɗauke shi ba." Roƙe shi ya haɗa ka da saurayi ɗan unguwa wanda zai riƙa zagayawa da kai. Wannan ɗan rakiya ya fi kowane idon kyamara (lens) tsada, ka kuma biya shi ladan yininsa.

Ka faɗi gaskiyar inda hoton zai je. "Zan sa a Facebook" daban, "zan ajiye a littafi" daban. Garin ya karɓi mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu, kuma wani yana da dalili mai ƙarfi na ƙin a san inda yake. Shiga saitin kyamarar wayarka ka kashe alamar wuri, domin in tana kunne kowane hoto yana ɗauke da adireshin daidai inda aka ɗauke shi.

Kayan aiki

Kada ka yi lodi. Kyamara ɗaya da ido ɗaya, 35mm ko 50mm, ya fi jaka cike da idanu, saboda duk sanda ka cire ido a bakin teku ƙura da gishiri suna shiga ciki. Dogon ido na zuƙowa daga nesa yana sa a ɗauke ka ɗan leƙen asiri, kuma hoton da aka sata daga nesa ana gane shi. Ƙara da batir biyu ko uku, katin memori biyu na 64GB (kowanne yana ɗaukar hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wajen 2,000 a kyamara mai megafiksel 24), fawa bank saboda ɗaukewar wuta, filta mai kare gilashin ido, hular ido mai tare rana, robar hura iska, buroshi mai laushi, ƙyallen goge gilashi guda uku, ledoji masu zif, kwalbar ruwan daɗi ta wanke kaya, da ƙaramin littafi da biro. Takalmi mai rufi da kauri dole ne, domin murjani yana yanka kamar reza kuma ciwonsa ba ya saurin warkewa.

Lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin aiki. Zafi ya sauka, mutane suna zama a waje, kuma gaɓar Bahar Maliya ruwanta na sama a lokacin sanyi yake zuwa, saɓanin sauran Sudan, don haka za ka sami gajimare da ke ba sama fasali. Daga Yuni zuwa Satumba zafi yana haura digiri 40, ga laima, ga ƙurar da ke mai da sama fari fat, masu hali kuma sun hau tudu zuwa Sinkat da Arkawit.

A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:00, ta faɗi wajen 5:00 na yamma. A Yuni tun wajen 5:00 na asuba ta fito. Gaɓar tana kallon gabas, duwatsu suna yamma. Ma'ana, in kana tsaye a tudu kana kallon ruwa, da safe rana tana gabanka, da yamma tana bayanka. Safiya ce ta hoton kwale-kwale da mutane sun zama baƙar siffa a kan ruwa mai ƙyalli. Yamma ce ta launi: shuɗin ruwa, fentin jirage, farin bango da ya koma ruwan zuma. Haske mai laushi bai wuce awa ɗaya da rabi bayan fitowar rana ba, da kamar haka kafin faɗuwarta, kuma rana tana ɓuya bayan duwatsu 'yan mintoci kafin lokacin da kalanda ta ce. Bayan magariba minti 20 zuwa 25 kawai gare ka kafin duhu. Ka isa wuri tun da sauran lokaci, ka yi salla a masallacin unguwar, wannan ma wani nau'in gabatar da kai ne.

Wani abu da ke ruɗar wanda ya karanta jagororin wasu ƙasashe: a tsakiyar Bahar Maliya ruwa ba ya cika ya janye sosai a kullum. Kada ka zauna jiran janyewar teku don ɗaukar yashi mai sheƙi, ba za ta zo ba. Iska ce ke mulki a nan, kuma ita ke yanke lokacin fita da dawowar masunta. Tambaye su tun daren jiya.

Daga ƙarfe 10:00 zuwa 3:00 rana tana tsaye, tana zuba inuwa cikin kwarmin ido. Lokacin shiga rumfa ne, na hira, na rubuta sunaye, da hotunan cikin inuwa.

Farar jallabiya da baƙar fuska

Nan ne yawancin hotuna suke lalacewa, don haka mu daɗe a kai. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mai da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, kamar toka. In ya ga farin murjani, farin yashi, farar jallabiya da rawani da ƙyallin ruwa, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage. Sakamakon: farin ya zama toka, fuskar mai duhun fata ta zama baƙi ƙirin ba ido ba hanci.

Gyaran farko shi ne ƙarin haske da hannu. A kyamara nemi maɓallin da ke da alamar +/-, ka ƙara +0.7 zuwa +1. A waya taɓa fuskar mutumin a allo, ka danne har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama kaɗan. Amma akwai iyaka: in ka wuce, farar riga za ta ƙone, zaren ɗinki da naɗin rawani su ɓace, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo. Ƙyallin ruwa in ya ƙone ba laifi. Kafaɗar jallabiya in ta ƙone, rage 0.3 daga abin da ka ƙara ka sake. Kada ka yarda da idonka a kan allo cikin rana, yana yaudara. In kyamararka ko wayarka tana ɗaukar RAW, yi amfani da shi, domin yana ba ka damar ɗaga inuwa daga baya ba tare da fata ta yi tabo-tabo ba.

Gyara na biyu ya fi na farko: matsar da mutumin. Kai shi bakin rumfa ko bakin ƙofa, taki ɗaya cikin inuwa, fuskarsa tana kallon waje. Farin yashin da ke gabansa zai mayar da haske a fuskarsa daga ƙasa, ido ya yi ƙyalli, riga ba ta ƙone ba. In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, ɗan rakiyarka ya riƙe farin mayafi ko farin kwali nesa da kamu biyu daga wannan gefen. Guji rumfar shuɗin tamfol ko kore, launinta yana zuba a fata kuma cire shi wahala ne. Rumfar tabarma ko buhu mai tsaga-tsaga tana zana ɗigo-ɗigon rana a fuska, ita ma a kauce mata.

Ga lambobin farawa. Rana tsaka a fili: ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, buɗin ido f/11, saurin ƙiftawa 1/250, a kan farin yashi ka ƙara sauri zuwa 1/400. Hoton mutum a inuwa: ISO 200 zuwa 400, f/2.8 ko f/4, 1/250. Asuba a bakin ruwa: ISO 800 zuwa 1600, f/2.8, kada ka sauka ƙasa da 1/125 in mutane na motsi. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa saboda ISO ya hau yana da amfani, wanda ya girgiza ba shi da shi. Da dare a teburin mai shayi ƙarƙashin fitilar lantarki, in ka ga ratsi-ratsi a hoto, wutar ce ke ƙiftawa bisa mitar 50 da Sudan ke amfani da ita. Sa 1/50 ko 1/100, ratsin zai tafi. Filasha kai tsaye a fuska tana kashe yanayin wuri, tana kuma jawo hankalin da ba ka buƙata.

Filtar kashe ƙyalli tana da amfani a kan ruwa, tana bayyana murjanin da ke ƙarƙashi da inuwar kwale-kwale. Ta fi aiki in rana tana gefenka, ba gaba ko baya ba, kuma tana cin haske kusan mataki biyu, wato kusan kashi uku cikin huɗu, don haka cire ta da asuba. Layin da ruwa ya haɗu da sama kuwa, in ya karkata ko da kaɗan ne, ido yana kamawa. Kunna layukan raga a allo ka daidaita.

Wurin sauke kifi

Je sau ɗaya ba tare da ɗaukar komai ba, ka karanci yadda abin ke gudana: inda jiragen masunta, huri da sambuk, suke tsayawa, wanda ke karɓar igiya, inda ake jibge kifi, inda dillali ke tsayawa, hanyar masu ƙanƙara. Washegari ka zaɓi wuri guda wanda ba ka tare wa kowa hanya, rana tana gefenka, ka tsaya aiki ya zo ya same ka. Mai bin mutane a guje da kyamara ƙeyarsu kawai yake samu.

Kowane wuri ka ɗauke shi hawa uku. Na nesa, mai nuna duk filin da jama'a. Na tsakiya, mutum biyu ko uku suna ciniki ko jan taru. Na kusa: hannun da ke fere ƙaya, allurar ɗinkin taru, jan kifin najil mai ɗigo-ɗigo kusa da kifin sha'ur da derak, igiyar da ta cinye gefen jirgi. Jefa birgi ko miƙa kifi daga jirgi yana son 1/1000, da ɗauka a jere. Durƙusa ka ɗauka daga tsayin gwiwa, mutane za su fita sarai a jikin sama maimakon su cakuɗe da tarkacen da ke bayansu.

Kada ka taka taru, kada ka tsallake kifin mutum, kada ka ɗauki hoton ƙirgar kuɗi. Wasu ba sa son a nuna yawan kamunsu, ko don tsoron baki ko don bashi. Ka ce "Masha Allah" da ƙarfi kafin ka ɗaga kyamara kan kamun wani. In ka sayi kifi kilo ɗaya ko biyu daga wanda ka ɗauka, ya fi ka miƙa masa kuɗin hoto. Ranar da ka fara biyan kuɗin hoto, ka sa wa duk unguwar farashi, yara kuma za su riƙa bin ka suna tsayuwar soja.

In za ka shiga jirgi, sai da izinin mai shi da kuma tabbacin takardarka ta haɗa da fita ruwa. Sa rigar ceto, ka zauna a tsakiya zuwa baya inda feshi bai kai na gaba ba, kyamara cikin leda har sai za ka ɗauka, igiyarta a wuya. Kada ka jingina gwiwar hannu a jikin jirgi in inji na aiki, girgizarsa tana shiga hoto. Saurin ƙiftawa 1/1000 ko sama.

Fuskoki, mata da yara

Babban idon waya faffaɗa ne, in ka matso ƙasa da mita ɗaya hanci zai kumbura, kunne ya ja baya. Koma baya mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ka sa zuƙowa ta 2x. Saiti a kan idon da ya fi kusa da kai. Dattijo in ya ga kyamara yakan gyara zama ya ɗaure fuska. Ɗauki wannan tukuna, domin shi ne hoton da yake so, shi za ka kai masa. Sannan ka sauke kyamara ka tambaye shi sana'arsa: "Malam, wa ya koya maka ɗinkin taru?" Yana cikin bayani hannu zai koma aiki, fuska ta saki, sai ka ɗauki na biyu.

Zaman jabana wuri ne mai albarka. Suyar gahawa a kan garwashi, dakanta da citta, tukunyar yumɓu mai dogon wuya, ƙananan finjalai. Zauna yadda hayaƙi zai kasance tsakaninka da haske, bayansa kuma duhu, sai ya fito. Haka wurin mai agashe da mai gasa naman salat a kan duwatsu masu zafi. Ka karɓi finjalin da aka miƙo maka kafin ka taɓa kyamara.

Mata kuwa, namiji baƙo ba ya ɗaga kyamara kansu a hanya, ko Bahausa ko 'yar Bija ko Barashidiya ('yar ƙabilar Rashaida). Rabin rayuwar gari tana cikin gida, kuma mace ce kaɗai za ta iya ɗaukar ta. In aikin na ƙungiya ne, a sa mace a ciki tun farko. Ke mai ɗaukar hoto, ki fara da uwar gida: "Inna, in ɗauki hannunki kina tuƙi, ko in bari?" Da yawa za su yarda da hannu, lalle, kwano da murhu ba tare da fuska ba, kuma irin wannan hoton yakan fi faɗin magana. Ki nuna mata a allo nan take, wanda ta ce a goge ki goge a gabanta. Yara sai da yardar iyaye, ba a ɗaukar su tsirara a bakin ruwa, ba a haɗa fuskar yaro da sunansa da unguwarsa a intanet.

Gishiri da laima

Ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita, inda na sauran yake wajen 35. Ko ba ka taɓa ruwa ba, iska tana ɗauke da shi. Yana bushewa a gilashi ya zama ƙananan duwatsu, yana jan laima, yana cin ƙarfe da mahaɗan batir. Kuskuren da ya fi yawa shi ne goge gilashi da bakin riga. Gishiri da yashi ne kake murzawa, kuma karcen ba ya fita.

Kowace yamma, bi wannan tsari ba tare da tsallake ba. Juya idon kyamara ƙasa ka hura da roba. Share da buroshi. Jiƙa ƙyalle da ruwan daɗi, matse shi sosai, ka goge jikin kyamara, igiya, da kewayen maɓallai. Gilashi kuma ɗigo ɗaya na ruwan goge gilashi a kan ƙyalle mai tsabta, ba a kan gilashin ba, ka zagaya daga tsakiya zuwa baki. In ka kafa ƙafa-uku, abin ɗora kyamara, a ruwa, zare ƙafafun duka ka wanke da ruwan daɗi, ka bar su a buɗe su bushe, in ba haka ba makullansu za su ƙage cikin mako guda. Ramin cajin waya ma yana tara gishiri, kada ka sa caji yana da danshi.

In kyamara ko waya ta faɗa teku, kada ka kunna don ka gani ko tana aiki, kunnawar ce ke ƙarasa ta. Cire batir da kati nan take, ka kai wa mai gyara a ranar. Katin yawanci yana tsira: ɗauraye shi da ruwan daɗi, ya bushe sarai kafin a karanta. Binne waya a shinkafa ba ya cire gishiri.

In ka kwana a ɗaki mai na'urar sanyi ka fito cikin laima, gilashi zai yi gumi ciki da waje. Sa kyamara a leda mai zif tun a ɗaki, ka fito da ita, ka jira minti 20 zuwa 30 kafin ka buɗe. Ajiya ta dogon lokaci kuma a roba mai murfi da ƙullin silika, waɗannan ƙananan ƙwayoyi da ake samu a kwalin takalmi da na magani. In sun sha laima ana busar da su a tanda mai zafin digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu. Laimar da ta wuce kashi 60 cikin ɗari a wuri mai duhu ita ke haifar da fumfuna a cikin gilashi, mai kama da saƙar gizo. Kada ka bar kaya a mota a rufe, zafin ciki yana wuce digiri 60. Waya in ta yi zafi tana rage hasken allo ko ta ƙi ɗauka. Cire mata riga, sa ta a inuwa, kada ka ɗora ta kan ƙanƙarar kifi.

Tsofaffin hotuna da sunaye

Idan an saba da kai, tambayi gidaje ko suna da tsofaffin hotuna, takardun tafiyar hajji ko fasfon kakanni. Kada ka karɓa ka tafi da su. Ɗauke su a wurin: shimfiɗa a kan baƙin ƙyalle kusa da taga ko bakin ƙofa, haske yana zuwa daga gefe, ba filasha, waya a miƙe daidai saman hoton, 2x, da ƙidayar daƙiƙa uku don hannu kada ya girgiza. Juya bayansa ma ka ɗauka, nan ake samun hatimin mai hoto, shekara, ko rubutun ajami. Wanda ya manne da gilashi ko da ɗan uwansa saboda laima, kada ka ɓamɓare, ɗauke shi yadda yake.

Hoton da ba suna, bayan shekara 20 ba wanda zai san ko wane ne. A littafinka rubuta lambar hoto, sunan mutum yadda yake son a kira shi, sana'a, wuri, rana, da abin da ya yarda a yi da hoton. Sunan kifi da na kayan aiki ka rubuta yadda aka faɗa maka, da Larabci ko Bijanci ko Hausa. In dattijo ya shiga labarin hanyar da kakansa ya biyo, nemi izini ka naɗi muryarsa.

Ajiya, zaɓe da mayarwa

Kowane dare kwafe hotuna zuwa wuri biyu kafin ka goge kati, kwamfuta ko waya da kuma filas na USB, na uku a intanet duk ranar da layi ya yi ƙarfi. Sunan jaka ya fara da kwanan wata, kamar 2025-12-05 Sawakin kifi, don su jeru da kansu. In za ka tura ta WhatsApp don bugawa, tura a matsayin takarda, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi.

Zaɓe a yi shi zagaye biyu. Na farko fitar da masu girgiza, rufaffen ido da maimaici. Bar su kwana uku, sannan ka rage zuwa 30, kana duba ko akwai safiya da dare, aiki da hutu, tsoho da yaro, ruwa da tudu. Gyara ya tsaya kan haske, daidaita layi da ɗan yanka. Kada ka haskaka fatar mutum, kada ka cika launi har teku ya koma shuɗin bula, kada ka goge shara ko ka ƙara abin da babu.

Bugu na 10x15 santimita yana buƙatar fiksel 1200 da 1800, na A4 kuma 2480 da 3508. Hoto a takarda yakan fi na allo duhu, don haka buga gwaji uku tukuna, ka duba fuskoki, in sun nutse ka ƙara haske kaɗan. Zaɓi takarda marar sheƙi, mai sheƙi tana manne wa juna a laima. Rubuta suna da rana a baya da fensir mai laushi, kowanne cikin ledarsa, ka kai wa mai shi hannu da hannu. Alkawari kaya ne, kuma ƙaramin gari ba ya mantuwa da wanda ya ɗauka bai dawo ba.

In dattawa sun amince a nuna wa jama'a, buga 20 zuwa 30 a girman 20x30, ka ɗaura igiya a inuwar bangon makaranta ko kulob ɗin unguwa, tsayin santimita 150 daga ƙasa, kowane hoto da maƙalan shanya huɗu, biyu sama biyu ƙasa a igiya ta biyu saboda iskar arewa. Bayanin kowanne layi biyu, Larabci da Hausa. Kafin a rataya, kowa ya ga nasa ya sake amincewa. A buɗe bayan la'asar, a ware wa mata yini nasu ko awanninsu, a kuma ajiye biro da littafi a gefe, domin za a sami wanda zai gyara maka suna ko ya gane kakansa a tsohon hoto. A sauke su kafin magariba, raɓar dare tana lanƙwasa takarda.